Tafintar da Ta Ce Ya Sauka

Kafin a ɗaga ƙofofin shaguna a kasuwar Shisanhang da ke Guangzhou, Hajiya Zeinabou ta riga ta tsaya a bakin titi da lemarta da wayoyinta biyu. Ɗaya ta 'yan Caina ce, ɗaya ta mutanenmu. Ba ta cika karin kumallo a gida ba, a tsaye take shan shayi, idonta na kan wayar. Wani kayansa sun maƙale a filin jirgin Baiyun. Wani an ɗinka masa riguna da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wata na asibiti, likita yana ta magana, ita kuma kai kawai take gyaɗawa ba ta san me aka ce za a cire mata ba. Duk Zeinabou suke kira. Takan fara da mai ciwo, masu kaya su jira. In la'asar ta yi za ka same ta a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin titin Liuhua Lu, tsakanin wani Alhaji da mai masana'anta, ta cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur saboda ƙafarta da ke kumbura.

Tafinta ce. 'Yar Maraɗi. Karatu ya kawo ta Guangzhou tun wasunmu ba su shiga firamare ba, ta gama, ta zauna. Ƙarshen watan nan za ta koma gida. Ba ita ta ce in rubuta wannan ba, kuma in ta gani faɗa za ta yi.

Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta ragi, ba ta ƙari. Tafintoci da yawa a garin nan suna gyara magana a hanya, su sa mata sukari ko su ɓoye rabinta. Ita abin da ka faɗa shi za ta kai. An taɓa yin wani ɗan Kano da ya zagi uwar mai shago cikin murmushi, yana ganin Hausa mayafi ce. Zeinabou ta juya ta gaya wa matar da Sinanci, daidai yadda ya faɗa. Sai da ya sayi kayan da bai yi niyya ba kafin aka bar shi ya fita. Tun daga ranar, duk wanda ya ɗauke ta aiki yana tauna magana kafin ya furta. Saboda haka ne ma manya suke nemanta. Wanda zai sa hannu a kan kwantena yana son ya ji ainihin abin da aka ce masa.

Ke ce gadar da ba ta cin kayan mai wucewa, Hajiya. Wannan kowa zai faɗa. Abin da ba a son faɗa shi zan faɗa.

Can bayan Huadu, inda gine-gine suka ƙare aka shiga gonakin ayaba da tafkunan kifi, akwai wani ƙaramin filin jirgi. Jiragensa ƙanana ne, masu kujera biyu, fasinja a gaba matuƙi a baya. Kana biya a ɗaga da kai, a juya ka a sama kamar waina, a dawo da kai. 'Yan Caina masu kuɗi ne suka fara zuwa. Daga baya samarinmu suka gano wurin, ya zama abin yayi ranar Lahadi. Ba juyawar ce ta dame su ba, bidiyon ne. In jirgin yana can ƙololuwa, a waya kamar ƙuda yake fitowa, babu wanda zai yarda kai ne a ciki. Ana son ya zo ƙasa-ƙasa, ya wuce ta kan abokai, ya kifa a gabansu, a ga fuskarka.

Matuƙa suna da iyakar da ba sa sauka ƙasa da ita in za su juya jirgi. In ka nemi fiye da haka su ce maka meyo, wato babu. To mu a kasuwa muka koyi wannan kalma. A Shisanhang in lawban, mai shago ke nan, ya ce maka meyo, ciniki ne ya fara. Ka yi dariya, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ya buga kuɗi a kalkuleta, ka goge ka buga rabi, ku haɗu a tsakiya. Wanda ya karɓi meyo na farko ya tafi, baƙo ne, dariya ake masa. Da wannan kan muka je filin jirgi.

Abdoulaziz ɗan Yamai ne, mai harkar wayoyi, yaro mai fara'a. Ranar da ya je, matuƙin ya buga masa tsayin da za su tsaya a kalkuletar waya, tunda ba mai jin yaren wani. Abdoulaziz ya goge ya buga rabi. Matuƙin ya ce meyo. Abokai suka yi ta dariya suna zuga. Ya sake bugawa, aka sake gogewa. Suka haɗu a tsakiya, suka tafa.

Jirgin ya taho ta kan filin ƙasa-ƙasa, ya kifa yadda aka so. Da ya zo miƙewa sai hancinsa ya yi ƙasa, kuma babu sarari a ƙarƙashinsa. Gaɓar wani tafkin kifi ya daka. Babu wanda ya fita da rai a cikinsu.

Zeinabou ba ta wurin. Masu bincike ne suka kira ta daga baya, suka zaunar da ita gaban bidiyon da aka karɓa daga wayoyin abokansa, suka ce ta fassara duk abin da aka faɗa. Ta fassara. Har inda wani yake cewa, "Rage mana lawban, mu ba baƙi ba ne." Har dariyar da ta biyo baya ta gaya musu ta mece ce. Ita ta tsaya tsakanin kawun Abdoulaziz da matar matuƙin, wadda ta zo da 'yarta a hannu tana tambayar me ya sa aka yi ciniki da ran mijinta. Zeinabou ta kai tambayar yadda take. Kawun ya sunkuyar da kai. Ita ce kuma ta kira mahaifiyar yaron a Yamai, don duk mazan da ke wurin kowa ya ce wayarsa ba caji.

An rufe filin na wani lokaci. Da aka sake buɗewa a hannun wasu mutane, suka sa doka: baƙo ba zai hau ba sai da tafinta a ƙasa riƙe da oba-oba, mai jin fasinja da matuƙi duka, ko da wani zai ji jiri ko numfashinsa ya ɗauke. Tafintoci ba sa son aikin. Wurin da nisa, ga rana, kuma Lahadi ce kaɗai ranar hutu. Zeinabou ta karɓa. Duk Lahadin da aka ce mutanenmu za su je, za ka gan ta a ƙarƙashin rumfar kwano da lemarta. Ba ta yi wa kowa wa'azi. In ta ga an zaro kalkuleta takan ce a mayar da ita aljihu, shi ke nan. Yawanci ana jin kunyarta a mayar.

Ƙasimu bai ji ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yadi yake turawa kasuwar Kwari a Kano, kuma shi ya kawo ni garin nan. Mutum ne da bai taɓa sayen ko allura a kuɗin farko ba, kuma yana alfahari da haka. Wani abokin hamayyarsa ya saka bidiyon jirgi, mutanen Kwari suka yi ta magana, shi ma ya ce sai ya yi wanda ya fi shi. Muka tafi da ubangidansa, Alhaji Kallamu, wanda rabin masu ba Zeinabou aiki ta hannunsa suke zuwa.

Ranar akwai zafi mai nauyi, irin wanda riga ke manne wa mutum. Matuƙin da aka ba shi saurayi ne, da tabarau a goshi, yana tauna cingam. Ƙasimu ya ce wa Zeinabou ta tambaye shi nawa zai rage. Ta ce wannan ba ta kaiwa. Ya yi dariya ya ce mutanen Maraɗi akwai tsoro.

"Tsoron nan shi ya kai mu tsuhwa," ta ce. "Maida wayar nan aljihu, Ƙasimu."

Bai mayar ba. Ya ja matuƙin bayan fiffike. Ina kallonsu. Saurayin ya ce meyo, ya sake cewa meyo, sannan ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa ya nuna sama da yatsa. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san wannan murmushin. Zeinabou ma ta gani. Ta bi matuƙin ta yi masa magana da Sinanci, a fili, muryarta ba wasa. Da ta dawo Alhaji Kallamu ya tambaye ta me ya ce. Ta ce ya ce ba damuwa, in sun hau zai ji abin da lawban, wato Ƙasimu, yake so ta oba-oba. Ta je neman mai kula da filin, aka ce ya fita cin abinci. Kafin ta dawo an rufe musu gilashi.

Suka tashi. Jirgin ja ne. Ya yi sama har ya koma ɗan ɗigo, ya juya, ya kifa, ya miƙe. Muna jin ihun Ƙasimu a oba-oba yana dariya yana salati a haɗe. Alhaji Kallamu ya ɗaga waya yana ƙorafin ba ya ganin komai. Ni ban ɗaga tawa ba. Tafkunan nake kallo. Ban san wanne ne na Abdoulaziz ba, duk iri ɗaya ne.

Sai muryar Ƙasimu ta fito, tana tsinkewa: "Hajiya, ba a ganina a nan. Ki ce masa ya sauka."

Ba ta danna oba-obar ba. Matuƙin ya shigo da Sinanci, da sauri. Ta gaya mana, don ba ta ɓoye magana: ya ce fasinja yana ta nuna masa ƙasa da hannu, me yake so? Alhaji Kallamu ya ce to ta faɗa masa mana, me take jira. Jirgin ya riga ya karkato can ƙarshen gonakin ayaba, ya fuskanci filin. Na ga hannunta a kan oba-obar. Jijiyoyin sun tashi.

"Ƙasimu, mi ka ce? Maimaita in ji."

"Na ce ya sauka. Ya sauka ƙasa."

A Hausa kalmar ɗaya ce. Jirgi ya rage tsayi, ya sauka. Jirgi ya dira a ƙasa ya tsaya, ya sauka. A Sinanci kowanne da kalmarsa, ba a haɗa su. Dole ta ɗauki ɗaya. Ta danna, ta faɗi wani abu gajere. Matuƙin ya tambaya kamar bai yarda ba. Ta maimaita, da ƙarfi.

Mu da ke tsaye babu mai jin Sinancin da ya wuce na kasuwa. Ba mu san wacce ta ɗauka ba. Kuma jirgin da zai dira da wanda zai wuce ƙasa-ƙasa ya kifa, daga nesa tahowarsu ɗaya ce. Ya taho. Yana ƙara girma, yana ƙara yin ƙasa. Alhaji Kallamu ya gyara tsayuwa ya saita waya yana cewa yawwa. Ni na so in tambaye ta, na kasa. Matar da ta kai zagin uwa ba ta rage ba, me zai sa ta rage wannan? Abin da ke raina ke nan, da kuma fuskar Innarmu a Kano, da wanda zai kira ta.

Ya wuce kan tafki na ƙarshe har ruwan ya yi rawa. Ina jiran in ji injin ya ɗau ƙara, in ga fiffike ɗaya ya ɗaga. Sai ƙarar ta yi ƙasa. Tayoyin suka taɓa kwalta, suka yi tsalle kaɗan, suka zauna.

Zeinabou ta ajiye oba-obar a kan benci. Ita ma ta zauna.

Ƙasimu ya fito yana huci. Matuƙin ya biyo shi yana tambaya da hannu ko cikinsa ne ke ciwo, shi a zatonsa fasinja ne ya gaji. Ƙasimu ya ture hannun ya nufo rumfa. Ya ce ta kunyata shi a gaban ubangidansa, ta sa ya yi asarar hawa, kuma ta san sarai abin da yake nufi.

Ga ƙofa a buɗe. Da ta ce sauka ya ce, sauka ta kai, babu alƙalin da zai kama ta. Kalmar tasa ce, kowa ya ji, har sau biyu. Ni kaina abin da na zaci za ta faɗa ke nan.

"Na san abin da kake nuhi," ta ce. "Ni na zaɓi ɗayar."

Alhaji Kallamu bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce shekara da shekaru yana ba ta amanar kunnensa saboda ba ta zaɓa. Tafintan da ya fara zaɓar wa mutum abin da ya fi masa, ya tashi daga tafinta ya koma waliyyi, shi kuma bai ɗauki waliyyi aiki ba. Yau tsayin jirgi ne, gobe a gaban mai masana'anta ta ina zai san ba ta zaɓa masa ba?

"Gaskiyarka, Alhaji," ta ce. "In an sake, haka zan sake."

Maganar Alhaji ba ta banza ba ce, na jima ina juya ta. Amma shi bai zauna gaban bidiyon nan ba. Ba shi aka sa ya fassara dariya ba.

Muka shiga mota muka dawo gari. Kafin sati ya zagayo labari ya gama otal-otal ɗin Liuhua Lu, kuma ba yadda ya faru ba. Cewa aka yi Zeinabou ta fara juya magana. Ba a ce wace magana ba, ba a ce a ina ba. Alhaji Kallamu ya koma wurin wani yaro da ya gama jami'a bara. Mutanensa suka bi shi. Wasu da ta kwana da matansu a asibiti suka daina ɗaga wayarta, in sun hango ta a Shisanhang su shige shago. Wayar 'yan Caina ta ci gaba da ƙara, ta mutanenmu ta yi shiru, sai masu ciwo, su kam ba su daina ba. Ba ta bi kowa ta yi bayani ba. Lahadin da ta biyo baya ta koma filin, ta zauna a rumfarta. Haka ta yi ta yi har zuwa makon jiya.

In an tambaye ta dalilin tafiya takan ce ƙafa ce, da jikoki. Akwai ƙafar, akwai jikokin. Amma mu da muka san yadda aikinta ya koma, kada mu yi kamar ba mu sani ba.

Ba zan iya rantsewa cewa jirgin nan da ya faɗi ba. Wataƙila da ya kifa ya miƙe lafiya, Ƙasimu ya samu bidiyonsa, Kwari ta yi magana kwana biyu. Wasu sun yi sun tsira. Matsalar irin aikinki ke nan, Hajiya. Wanda ya ciro mutum daga wuta ana ganin ƙunar a hannunsa, a yi masa kirari. Wanda ya hana a kunna wutar ba shi da abin nunawa, sai mutum mai rai da ke jin haushinsa. Ke ce kika san abin da suna yake a kasuwar nan, kin san shi kaɗai ne jarinki, kin san a gaban wa kike tsaye, kika ɗora shi a kan kalma ɗaya saboda ɗan wata mata da ba ki taɓa gani ba. Da aka ba ki inda za ki ɓuya kika ƙi. Uwar marasa baki a garin da ba a jin yarensu. Mun gode. Innarmu ba ta san sunanki ba, don ba a gaya mata an hau jirgin ba. A madadinta nake godiya.

Samarin da za su karɓi oba-obar nan bayanta, ku ji. Za a kawo muku maganar da in kun kai ta wani zai iya mutuwa, kuma mai maganar shi ne mai biyanku. Ba zan ce muku abu ne mai sauƙi ba, kun ga abin da ya ci mata. Ku dai san akwai wadda ta yi, ba ta kuma yi ƙarya a kai ba. Mu kuma masu zuwa hawa, mu bar kalkuleta a Shisanhang. In matuƙi ya ce meyo, ba ciniki yake ba, ko da shi kansa ya manta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu taru mu yi mata sallama, duk wanda ta taɓa tsaya masa ya zo. Allah ya kai ki Maraɗi lafiya, ya ba ki lafiyar ƙafa, ya tsaya miki yadda kika tsaya wa na wasu.

Na gaya wa Ƙasimu. Ya ce ba zai zo ba, har yanzu bai huce ba. Ban matsa masa ba. Bari ya yi ta fushinsa har ya tsufa. Mai rai ne ke fushi.